Bana Zan Tafi Hajji da Mahaifiyata, Yaya Zan Shirya Zuciyata?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah cikin ikonsa ya nufe ni da kujerar Hajji bana, ni da mahaifiyata. An biya kuɗi, an yi mana allurar sanƙarau da ta shawara, tela ya kawo yunifom, kuma duk ƙarshen mako muna zuwa bita. A can ana koya mana rukunai da wajibai, yadda ake ɗaura harami, abin da ke jawo fidiya da abin da ke jawo hadaya. Duk ina ɗauka. Abin da ba a taɓo mana ba shi ne yadda mutum zai shirya zuciyarsa. Tsohuwa ta haura 65, ga ciwon suga ga ciwon gwiwa. Tun da na fara jin labarin tafiyar Mina da Arfa da Muzdalifa da wurin jifa, barcina ya ragu. Ina tsoron ta ɓace mini a cikin taro, ina kuma tsoron gajiya ta sa in gaya wa wani magana mai zafi ina cikin harami. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah me kuka yi wa zukatanku kafin tafiya?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓa. Ɗan uwa, ajiye tsoron nan. Ku baƙin Allah ne, wanda ya kira ku shi zai riƙe ku. Yawan lissafi yana cinye tawakkali. Ka yawaita istigfari da salati, ka tafi kawai.

Hajiya Yelwa:
Abu Sumayya, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Yaron nan tambayar hankali ya yi, kada a rufe masa baki da "tafi kawai".

Baban Ummi, ɗana, rana da nisa duk da sauƙi. Mutane su ne jarrabawar. A masaukin Makka za a haɗa mahaifiyarka ɗaki ɗaya da mata uku ko huɗu da ba ta taɓa gani ba. Wata tana son na'urar sanyi ta kwana a kunne, wata tana tari tana roƙon a kashe. Wata sai ƙarfe biyu na dare take kiran jikokinta ta bidiyo, da murya kamar tana tsakar gidanta. Kai ma haka za ka tarar a ɗakin maza. Idan aka fita Mina ranar 8 ga Zulhijja kuwa, nan ake sanin wane ne wane. Katifa 'yar siririya, manne da ta maƙwabcinka, in ka juya sai ka taɓa shi. Layin banɗaki kafin asuba, kana tsaye kana matse, wani ya zo ya shige gabanka bai ko kalle ka ba. Da idona na ga dattawan mata biyu suna cacar baki a kan wurin cajin waya, a daren da za a wayi gari a tafi Arfa. Na ji tausayinsu sosai, don na san shekarun da ake ɗauka ana adashi kafin kuɗin kujera su haɗu.

Abin da nake gaya wa duk maniyyacin da ya zo yi mini sallama: tun a gida ka yanke wa kanka hukunci cewa duk wanda zai taka ka, ko ya ture ka, ko ya sha ruwan gorarka, ka riga ka yafe masa. Kuma ka fara gwaji tun yanzu. Layin banki, layin gidan mai, cunkoson hanyar kasuwa, duk wurin da ka saba ɗaga murya, ka koyi yin shiru kana tasbihi. Wanda bai iya ba a nan, ba zai iya a can ba, bayan ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Maman Hanifa:
Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Maganar na'urar sanyin nan kaɗai ta isa ta raba aminai.

Malam na Zariya:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Abu Sumayya, niyyarka mai kyau ce, amma ka duba aya ta 197 a Suratul Baƙara. A cikinta Allah ya hana maganar batsa da fasiƙanci da jayayya a Hajji, a cikinta kuma ya ce a yi guzuri. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman ne suke zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. Shi ne ayar ta sauka. To shiri ba kishiyar tawakkali ba ne.

Ka lura kuma, jayayya aka ambata da sunanta, don Allah ya san inda taro yake nan take tashi. Ranar da Annabi (SAW) ya taso daga Arfa, a hadisin Jabir mai tsawo da ke cikin Muslim, yana janye linzamin taguwarsa yana nuni da hannu yana cewa mutane su natsu, su natsu. Akwai kuma hadisin Abu Dawud: idan mutum uku suka fita tafiya, su shugabantar da ɗayansu. Wannan shi ne ya fi wahala ga manya irinmu. Mutum a gida shi ne mai gida, ko shugaban ma'aikata, sai ya zo can wani yaro mai riƙe da tuta ya ce masa "Alhaji, jira, ba yanzu za mu tashi ba." Ka shirya wa zuciyarka karɓar umarni daga wanda ka girma.

Ɗan Maraɗi:
Ni kuma zan kawo wani ɓangare. Shirin zuciya ba ya rabuwa da shirin ƙafa. Ɗawafi zagaye 7 ne, in a saman bene ka yi shi ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Safa da Marwa kaɗai wajen kilomita 3 ne. Daga tantunan mutanenmu zuwa wurin jifa tafiya ce mai tsawo, ka je ka dawo, kwana uku ko huɗu a jere. Wanda ya saba hawa babur zuwa masallacin bakin layi, tsoro zai kama shi. Ka fara tattaki bayan asuba da takalmin da za ka tafi da shi, kada ka kai sabon silifas ƙasa mai tsarki, bororo zai yi maka.

Kuma shawarata, in ka isa can, ka bar mota. Ni da ƙafa na taho daga Arfa zuwa Muzdalifa bayan faɗuwar rana, cikin dubban mutane daga kowace ƙasa, kowa na talbiyya da irin harshensa. Babu abin da ya shiga raina a duk Hajjin kamar wannan tafiyar. Waɗanda suka jira mota wasu sai tsakar dare suka iso, ransu a ɓace. Ai Annabi ya gaya wa Nana A'isha ladanta gwargwadon wahalarta ne.

Nas Rabi:
Ɗan Maraɗi, tsaya. Mutumin da kake ba wa shawarar nan yana tare da tsohuwa mai ciwon suga. Ka sake karanta tambayarsa.

A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Ministan lafiyar Saudiyya da bakinsa ya ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda ba su da izinin Hajji ne, ba su da tanti ba su da mota, suka yi ta doguwar tafiya a rana. Hajji yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, amma har yanzu bai fita daga zafi ba. Bugun zafin rana ba ya sallama. Mutum yana tafiya lafiya, sai ka ji ya fara maganar da ba ta haɗuwa, jikinsa ya ɗauki zafi, ya faɗi. Mai suga kuma in ya yi tafiya bai ci ba, sugan ya sauka, sai rawar jiki da jiri. Tsofaffinmu suna da wata ɗabi'a mai haɗari: suna ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki. Baban Ummi, wannan ka zauna da ita tun yanzu ku yi maganarsa a fili. Ku je wurin likitanta, a rubuta mata magungunanta da za su ishe ta har dawowa, dabino ko alawa kada su rabu da 'yar jakarta, lema kuma a hannu kullum.

Ɗan Maraɗi:
Anti Rabi, ban ce da rana ba, da daddare na ce. Kuma ban ce tsohuwa ta taka ba. Shi ɗin nake nufi.

Nas Rabi:
To in ya taka, wa zai zauna da ita a mota? Wa zai nema mata wurin shimfiɗa a Muzdalifa?

Malam na Zariya:
Nan ne gaɓar. Ɗan Maraɗi, hadisin da ka kawo ingantacce ne, amma wahalar da ibada ta zo da ita ake nufi, ba wadda mutum ya je ya ɗauko wa kansa ba. A Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu sun tallabe shi yana jan ƙafa, ya tambaya, aka ce bakance ya yi zai tafi a ƙasa. Sai ya ce Allah mawadaci ne daga azabtar da kansa da wannan yake yi, ya umarce shi ya hau abin hawa. Shi kansa Annabi a kan raƙumi ya yi ɗawafi a Hajjin bankwana. Ya kuma yi wa Nana Sauda izini ta bar Muzdalifa da daddare kafin turmutsutsun jama'a. Matashi mai lafiya wanda ba kowa a wuyansa, in shugaban tawaga ya sani kuma hukuma ta buɗe hanya, ya taka, Allah ya ba shi lada. Amma Baban Ummi Hajjinsa a gefen mahaifiyarsa yake. Ya sa a ransa tun yanzu cewa akwai nafilfili da yawa da zai so ya yi, ba zai samu ba. Abokansa za su tafi Harami salla biyar, shi wata rana yana masauki yana shafa mata magani a gwiwa. In bai shirya wa wannan ba, zai riƙa jin kamar ana tauye shi, kuma tsohuwa za ta gani a fuskarsa.

Ɗan Maraɗi:
Na karɓi wannan, Malam. Amma maganar tattaki kafin tafiya ina nan a kanta.

Nas Rabi:
Wannan kam babu musu. Ita ma a riƙa fita da ita da sanyin safiya, kaɗan-kaɗan. Maza kuma ku nemi basilin marar ƙamshi, don harami ba wando, gogar cinya tana kwantar da ƙato.

Jikan Mai Wurno:
Sallama daga Sudan. Ina karanta ku ina tuna kakanninmu. Mu nan asalinmu tafiyar Hajji ce da hijira suka ajiye mu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno da ke bakin kogin Shuɗin Nilu. Kafin su da bayansu ma, ayari-ayari ake tasowa daga ƙasar Hausa, a bi ta Borno, a ratsa Chadi ta Abeche, a shiga Darfur, a wuce El Obeid, har bakin Bahar Maliya a Suwakin, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ake yi. A tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara guzuri, a ƙara gaba. Wasu a hanya aka haife su, wasu a hanya aka binne su.

Abin da tsofaffinmu ke faɗi shi ne, ba wanda yake tasowa sai ya yi sallamar wanda ba zai dawo ba. Ya biya bashi, ya mayar da ajiyar mutane, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara, ya faɗi wasiyyarsa a gaban shaidu. Yanzu da jirgi ke kai mutum cikin 'yan sa'o'i, an mayar da sallama ta zama walima da hotuna. Baban Ummi, ka gwada wannan tsohuwar hanyar. Rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka damƙa wa iyalinka. Ka je wurin ɗan uwan da kuka daɗe ba ku gaisa ba. Rabin rashin barcin nan naka zai tafi, don mai tsoro sau da yawa abin da ya bari a baya ne ke jan sa.

Abu Sumayya:
Wannan maganar ta shige ni. Allah ya jiƙan magabata.

Maman Hanifa:
Bari in ƙara abin da ba a cika faɗi ba. Kowa ya dawo sai ya ce maka yana ganin Ka'aba ya fashe da kuka. Sai mutum ya tafi da wannan a ransa. Ni na iso Makka daga Madina bayan doguwar tafiyar mota, ƙafafuna a kumbure, kaina na sarawa, askarawa na ta "yalla hajji, yalla". Na ɗaga ido na ga Ɗakin Allah, na yi addu'a, amma hawaye bai zo ba. Na kwana biyu ina tuhumar imanina. Sai a Arfa, bayan la'asar, ina zaune a bakin tanti da 'yar takardar da na rubuta sunayen waɗanda suka ba ni saƙon addu'a, na zo kan sunan mahaifina da ya rasu bai samu zuwa ba, a nan zuciyata ta buɗe. Kada kowa ya tafi da awon abin da ya kamata ya ji. Ka yi aikin yadda aka koya maka, sauran na Allah ne.

Ga 'yan uwana mata kuma, maganar al'ada. Na ga yarinya tana kuka kamar ranta zai fita don abin ya zo mata a Mina, tana ganin Hajjinta ya lalace. Nana A'isha ma haka ya same ta a Sarif, kusa da Makka, Annabi ya tarar tana kuka, ya ce ta yi duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi har sai ta yi tsarki. Mai son shan maganin jinkirtawa ta ga likita tun da sauran lokaci, ba ana gobe tashi ba.

Baban Ummi:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na karanta kowanne a natse. Malam, maganarka ta nafilfili ta taɓa ni, don da ma ina ta tsara yawan ɗawafin da zan yi. Sauran abu ɗaya. An ce a Mina tantin maza daban na mata daban. Idan dare ya yi tana can ina nan, yaya zan yi?

Hajiya Yelwa:
Tun a wurin bita za ka fara. Ka duba cikin matan ƙaramar hukumarku, ka samo mai ƙarfi a jika mai hankali, ka haɗa su da tsohuwa su saba tun a gida. Ka je ka gaishe ta da mutunci, ka karɓi lambarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kada ka ji nauyin roƙo. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da hukumar Saudiyya ke bayarwa, ya zauna a wuyanta ko banɗaki za ta, don yanzu ba a shiga wuraren ibadar sai da shi. Ka rubuta sunan masaukinku da lambar tantinku da lambar wayarka a takarda, ka sa mata a jaka. Tantunan Mina duk kamarsu ɗaya, farare, mai ido ma yana ɓata balle tsohuwa. Sannan ku yi alkawari guda: in kun rabu, ta tsaya inda take ko ta nemi mai yunifom irin namu, kada ta kama yawon nemanka. Ka maimaita mata har ta haddace. Kai ma ka sa a ranka cewa ɓata a Hajji abu ne da ke faruwa kullum, kuma ana samun mutane. In ya faru kada ka rikice.

Alhaji Baba:
Ina Mina a 2015. Ranar 24 ga Satumba, safiyar Babbar Salla, aka yi turmutsutsun da Najeriya ta rasa mutum sama da 200, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya gafarta musu. Ban so in tayar wa yaron nan da hankali, amma gara ya ji daga bakin wanda ya gani. Tun daga lokacin, duk wanda na raka filin jirgi abu uku nake roƙonsa. Lokacin da aka ba tawagarku na zuwa jifa, shi za ku bi, ko da wani ya ce muku wata sa'a ta fi falala. Kada ka taɓa juyowa ka fuskanci jama'a suna tahowa. In takalminka ya cire ko jakarka ta faɗi cikin matsi, bar su, kada ka sunkuya. Gadar jifa yanzu hawa-hawa ce, shiga daban fita daban, in an bi tsari ana yi lafiya a dawo lafiya. Gaggawa ce abar tsoro, kuma daga zuciya take tasowa: mutum yana son ya gama ya cire harami ya yi wanka.

Abu Sumayya:
Allah ya jiƙansu. Wani abin da ke raba hankali kuma waya ce. Ka gaya wa mutanen gida tun yanzu cewa daga 8 zuwa 12 ga wata ba za su riƙa jin ka kullum ba. Maganar tsaraba ma a kashe ta tun kafin a tashi, kada mutum yana Arfa ana turo masa hoton jallabiya.

Maman Hanifa:
Malam, tunda tsohuwar ba ta da gwiwa, ba sai ya yi mata jifan ba? Ko dole sai ta je da kanta?

Malam na Zariya:
Wanda ya gaza zuwa yana wakilta wani, wannan malamai sun yi izini. Wakilin ya fara yin nasa jifan sannan ya yi na wanda ya wakilta shi: tsakuwa 7 ranar Salla a babbar jamra, wato babban wurin jifa, sannan 21 kowace rana a kwanakin da ke biye. Inda aka saɓa shi ne abin da ke biyo baya. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda aka yi wa jifa yanka yana hawa kansa, wasu mazhabobin kuma ba su ɗora masa komai ba in uzurinsa na gaskiya ne. Baban Ummi ya kai wa malamin tawagarsu wannan tambayar a bita mai zuwa, su tsaya a kan magana ɗaya tun a gida, in da kuɗin yanka a ware shi daga guzuri. Ba a tsakiyar Mina ake fara neman fatawa ba, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, tsohuwa ta shiga waswasi.

Nas Rabi:
Ɗawafi da sa'ayi kuma akwai keken turawa. In za ku iya, ku sayi mai naɗewa tun daga gida, ta saba zama a kai, kai ma ka saba turawa. Wasu tsofaffin suna ƙin hawa don kunya, gara a rarrashe ta tun yanzu.

Hajiya Yelwa:
In ta ƙi, ka bar ni da ita. Turo mini saƙo ta gefe, in kira ta mu yi magana irin tamu ta tsofaffi.